Zan ajiye motar tsere wata huɗu: yaya zan zuƙe man tanki, kuma me zan canza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da BMW E46 da nake wasan mota da ita a nan Sakkwato. Zan ajiye ta daga farkon damina har zuwa kaka. Wani bakanike ya ce in bar fetur ɗin a ciki, wani ya ce in zuƙe shi tas. Wanne ne daidai? Kuma wane mai ko ruwa ya kamata in taɓa kafin in rufe ta? Daga mai karatu a Arkilla.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Zuƙe shi. Fetur da ya zauna wata huɗu a zafi irin namu, sashensa mai saurin kamawa yana tashi ya bar wani danƙo da ke toshe nozul. Masu cewa a cika tanki suna gudun tsatsa ne, tankin E46 kuwa na roba ne. Amma ka sani, tankin da aka zuƙe ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa. Kada a yi aikin a kan ramin gareji ko kusa da janareto ko mai walda. A yi shi a fili, da sassafe, injin a sanyaye, ga tukunyar kashe gobara a kusa.

Ka fara da sauke matsin da ke cikin layin mai, wanda ya kai kusan baa 3.5 (ma'aunin matsi) a wannan mota. Ka cire fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da injin, ka bar shi har ya mutu da kansa. Sannan ka cire kan batir na nagatif. Wanda ya kwance tiyo bai yi haka ba, fetur zai fesa masa a ido.

Tankin E46 yana cin kusan lita 63, kuma ya rabu gida biyu a ƙarƙashin kujerar baya saboda sandar da ke kai gudu ƙafafun baya ta ratsa tsakiyarsa. Famfon yana ɓangaren dama. Na hagu kuwa sai famfon yana aiki ake jan man da ke cikinsa zuwa dama, shi ya sa mutum zai ga mai ya daina fita ya ɗauka ya gama, alhali akwai saura a hagu. Ka ɗaga kujerar, ka buɗe murafan biyu, ka zuƙe kowane ɓangare da famfon hannu. Ban da zuƙa da baki. Ka aje jarkar ƙarfe a ƙasa, ka haɗa ta da jikin motar da waya, domin gudun fetur a cikin tiyo yana tara lantarkin da kan ba da tartsatsi, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe. Kada ka cika jarkar fal, kuma kada ka bar famfon motar ya yi ta juyawa a busasshen tanki, man ne ke sanyaya shi. Zoben robar murafan in ya taurare a sa sabo.

In an sauya maka tanki da irin na tsere mai soso a ciki, ka zaro soson ka matsa shi. In yana marmashewa ya gama, shi ne zai toshe maka filta. Jakar da ke riƙe man a cikin irin wannan tanki, a ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, shekara 5 take yi daga ranar da aka ƙera ta.

Baƙin mai kuma a canza shi kafin ajiya, kada a jira sai an dawo. Motar da ake takawa da ƙarfi, fetur yana sauka cikin man ya tsinka shi, ga datti da zai kwanta a kan ƙarafan ciki. Tunda wannan yana son injin da ɗumi, shi za ka fara yi kafin ka taɓa tanki. Injin mai silinda shida yana cin kusan lita 6.5 da sabon filta, notin ƙasa a ɗaure shi Nm 25 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) da sabon washa. Man aksul, ka fara kwance notin zubawa kafin na ƙasa, kada ka zubar sannan na sama ya ƙi buɗuwa.

Man birki ne nake so ka fi kula da shi, kuma shi a bar shi sai an zo fito da motar. Yana shan danshin iska, damina kuwa lokacinsa ke nan. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155. Da ya tafasa sai ka taka birki ya tafi ƙasa babu komai. Lita ɗaya ta isa a wanke layin duka. A fara da ƙafar baya ta dama, sai ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da ta direba, ana lura kada kofin masta ya ƙafe ya ja iska. DOT 4 da DOT 5.1 suna haɗuwa, DOT 5 ba ya haɗuwa da ko ɗaya. Gwangwanin da aka buɗe ya daɗe, a rabu da shi.

Lagireto kada a bar shi da ruwan burtsatse, gishirinsa yana toshe ƙananan hanyoyi. A nan ba mu da ƙanƙara, abin da muke gudu tsatsa ne, don haka ka zuba tataccen ruwa mara asid haɗe da kulan (ruwan sanyaya injin), kusan lita 8. Ka buɗe notin fitar da iska da ke kusa da murfi har kumfa ta daina fita.

Ranar tayarwa, ka mayar da fiyus da kan batir, ka zuba sabon fetur kamar lita 20, ka kunna makulli sau uku ba tare da ka tayar ba don layin ya cika, sannan ka leƙa ƙarƙashin kujera da wajen filta ko akwai yoyo.