Ruwan Wikki: daga ina yake, kuma yana warkar da ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da ciwon suga. Wani mutum yana kawo masa ruwa a jarka, wai daga Wikki ya ɗebo, wai wutar ƙarƙashin ƙasa ce ta dafa shi, shi ya sa yake wanke jini. Yau sati uku ke nan Baba ya ajiye maganin asibiti. Hankalina a tashe yake. Mene ne asalin ruwan nan, kuma da gaske yana magani? Daga wata malamar makaranta a Alkaleri.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ba Baba lafiya. Kafin ki gama karanta wannan, a kai shi a auna sugansa, ya koma kan maganinsa. Sati uku ba wasa ba ne ga mai suga.

Ruwan Wikki, wato marmaron ɗumin da ke cikin dajin Yankari, ruwan sama ne. Dajin Yankari yana zaune kan dutsen yashi da muke kira Kerri-Kerri, wanda ya haura shekara miliyan 50, a cikin babban kwarin Binuwai da ya samu tun lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Irin wannan dutse shan ruwa yake yi kamar soso. Ruwan damina ya nutse, ya yi ta tafiya a hankali har ya ci karo da yumɓun da ya tare shi, sai ya ɓullo ta gindin dutse, ya gangara Kogin Gaji, kimanin lita miliyan 21 kullum. Ɗumin kuma daga zurfi ne: duk kilomita ɗaya da aka nutsa ƙasa, zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30, don haka 'yan ɗaruruwan mita sun isa. Shi ya sa yake tsaye a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Jikin Baba kansa digiri 37 ne. Ruwan da bai kai zafin jikin mutum ba, wace wuta ce ta dafa shi? Haka sauran marmaron ɗumi na dajin, Dimil da Gwan da Nawulgo, suke. 

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da nake ji kusan duk ƙauyen da na je aiki: "Ai ruwan marmaro ne, garau yake, ba ya ɗauke da cuta." Na san Wikki da kyau. Da asubar hunturu za ki ga tururi na tashi a kansa, ki tsaya ruwa ya kawo miki ƙirji kina hangen yatsun ƙafarki a kan farin yashi. To amma ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Wuri ne da jama'a ke wanka, gwaggon biri na sauka bakinsa, kuma ɗumin da ke yi mana daɗi shi ƙwayoyin cuta ma suke so. Sannan a zuba a jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba, ta yi kwanaki a bayan mota. Wa ma ya tabbatar miki daga Wikki aka ɗebo?

Na taɓa zuwa wani ƙauye da yara ke ta amai da gudawa. Dattawa suka rantse mini idon ruwansu tun kaka da kakanni ake sha. Na hau tudun da ke samansa, taku kaɗan sai ga masai biyu. Yashin da ke shan ruwan sama shi ne ke shan na masai, bai san bambanci ba. Kwalara da taifot ta irin wannan hanya suke shiga gida. Akwai ma abin da tafasawa ba ta cirewa: ki dubi haƙoran yara da yawa a yankin Kaltungo, jan da suka yi na sinadarin fuloraid ne da ke narkewa daga dutse ya shiga ruwa, ruwan kuwa fes a ido.

Masu sayar da jarkar nan su ji tsoron Allah. Tsoho ya ba ka amana da kuɗinsa, ka raba shi da maganin da ke kare masa ido da ƙoda da ƙafa, ka ce taimako kake yi? Ruwan ɗumi yana sassauta gaɓoɓi idan an shiga, wannan gaskiya ne, iyakarsa ke nan. Ba ya sauke suga ko kaɗan.

Kada ki yi wa Baba gardama a gaban mutane, Malama. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, ko limamin unguwa ko amininsa, su raka shi asibiti ya ga lambar awon da idonsa. In ya nace sai ya sha ruwan, a tafasa shi sosai tukuna, ya haɗiyi maganinsa da shi. Idan kuma kika ga yawan fitsari da ƙishi, ko ya fara ruɗewa, ko gyambo a ƙafa, a tafi da shi a daren, kada a jira gari ya waye.