Wa ke sa ido idan ana gwajin sabon magani a kan mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana ganin likita a nan Kaduna saboda hawan jini. An ce masa akwai binciken wani sabon magani da kamfanin ƙasar waje ya kawo, ana so ya shiga. Hankalina ya kasa kwanciya, don ban manta da abin da ya faru a Kano ba. Akwai mai sa ido kuwa? Me ya hana su gwadawa a ƙasarsu?
Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kina da hujjar tsorata. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a binciken da ya haɗa yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma tsarin yau ba na wancan lokacin ba ne.

Kusan ko'ina a duniya izini biyu ake nema kafin a ba mutum ko ƙwaya ɗaya. Na farko daga hukumar magunguna, wadda ke duba shi kansa maganin: yadda aka haɗa shi, abin da ya yi wa dabbobi, da adadin da za a bayar. Na biyu daga kwamitin ɗa'ar bincike, wanda damuwarsa mutumin ne: haɗarin ya dace da amfanin? An yi masa bayani ya gane? A Najeriya na farkon aikin NAFDAC ne. Na biyun kuwa yana hannun kwamitin asibitin da za a yi gwajin, wanda dole ya zama yana da rajista da kwamitin ƙasa, NHREC, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Kundin ƙa'idojinsa ya fito a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Izini ɗaya ba ya wadatarwa, kuma izinin da aka samo a Landan ko Washington ba ya aiki a Kaduna.

Inda ƙasashe suka sha bamban shi ne yadda ake bi a samu izinin. A Amurka kamfani yana miƙa takardunsa ga hukumar magunguna ta ƙasar, FDA, ya jira kwana 30. Idan hukumar ba ta dakatar da shi ba, kuma kwamitin ɗa'a ya amince, sai ya fara. Sin ma tun 2018 ta rungumi irin wannan salo na shiru alamar yarda. Tarayyar Turai tun 31 ga Janairun 2022 ta buɗe ƙofa guda a intanet, inda takarda ɗaya ke isa ga duk ƙasashen da ake son yin gwajin, sai dai kowace ƙasa ita ke yanke hukuncin ƙarshe a kan mutanenta. Ostireliya ta fi kowa sassauci a ido: yawancin gwaje-gwaje sanar da hukuma kawai ake yi, nauyin tantancewa yana wuyan kwamitin ɗa'a. Indiya kuwa, bayan ƙorafe-ƙorafe har gaban Kotun Ƙoli, ta tsaurara batun diyya. Dokokinta na 2019 sun wajabta wa mai ɗaukar nauyin gwaji ya kula da wanda ya ji rauni kyauta, ya kuma biya diyya bisa lissafin da aka gindaya. A ganinmu wannan ne ya fi cancantar a kwaikwaya.

Tsauri kuma ba ya kawar da haɗari gaba ɗaya. A 2006 a Landan, mutum shida masu ƙoshin lafiya sun kusa rasa ransu a gwajin farko na wani magani da hukuma ta amince da shi, domin an yi musu allurar kusan a jere ba tare da an jira an ga yadda na farko zai yi ba. Tun daga nan aka koma fara irin wannan gwaji da mutum ɗaya a tsaya a gani.

Batun me ya hana su yi a gida: galibi suna yi. Babban gwaji a asibitoci da yawa na ƙasashe daban-daban ake gudanar da shi lokaci guda. Akwai ma dalilin likitanci, musamman a hawan jini: magunguna irin su lisinopril idan aka sha su kaɗai ba su cika sauke jinin baƙar fata kamar yadda suke yi wa Turawa ba. Maganin da ba a gwada a jikinmu ba, da kintace za a riƙa ba mu shi. Duk da haka ki tambaya a waɗanne ƙasashe ake yi. Idan a nan kaɗai ne, a gaya miki dalili.

Matsalar a wajenmu ba ta cika zama a takarda ba, a ɗakin likita take. Dattijo yana jin nauyin cewa a'a ga wanda ke duba shi, a miƙo masa shafuka goma na Turanci ya dangwala yatsa. Ƙa'idar duniya ta ce a yi bayani da harshen da mutum ke ji, in ba ya karatu a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken, kuma a ba shi kwafin abin da ya sa wa hannu. Don haka ki raka Baba, ki nemi takardar da Hausa, ku tafi da ita gida ku kwana a kanta. Ki nemi ganin amincewar NAFDAC da ta kwamitin asibiti, ki duba kwanan wata, don ta kwamiti tana da wa'adi ana sabunta ta. Ki karɓi lambar rajistar gwajin, wadda za ki iya bincikawa a intanet, a shafin ClinicalTrials.gov ko rajistar Afirka ta PACTR.

Sannan ki tambayi matakin da ake: na ɗaya mutane kaɗan ne, ana neman sanin illa, na uku ɗaruruwa ne ko dubbai, an riga an san abubuwa da dama. Wanda ya fi muhimmanci ga mai hawan jini: za a sa ya daina maganinsa na yanzu? Na tsawon wane lokaci, wa zai riƙa auna shi? Zai iya faɗawa rukunin da ake ba ƙwayar da babu magani a cikinta? Ƙuri'ar kwamfuta ce ke rabawa, sau da yawa likitan ma bai sani ba. A rubuce kuma ki ga wanda zai biya idan wani abu ya same shi, da lambar da za a kira ko da tsakar dare. Baba yana da damar fita duk ranar da ya so ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma hakan ba zai taɓa kulawar da yake samu a asibitin ba. Sai dai ya sanar da likita kafin ya ajiye maganin, don a mayar da shi kan na da.