Tela da tantabarunsa

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni: "Masta, Sallah saura sati uku, me ya sa kake mayar da masu kawo ɗinki, kuma da an yi La'asar sai ka ajiye almakashi ka tafi wajen tantabaru?" Na ga yadda ka daɗe kana tauna maganar kafin ka furta. Ba laifi, ɗana. Ni ma da ina shekarunka, cewa zan yi tsohon nan lalaci ya kama shi.

Ido ne ya fara yi mini magana. Ina da shekara 43, a wannan shagon na unguwar Aboabo a Kumasi, da rana tsaka, na kasa zura zare a allura. Na lashi bakin zaren, na murza, na kai, ya zame gefe. Har sau biyar. Sai da na miƙe hannu nesa sannan kafar allurar ta fito mini. Likitan ido ya ce ba ciwo ba ne, da mutum ya haura 40 abin da ke daidaita ganin kusa a cikin ido yakan fara tauri. Ya rubuta mini tabarau. Na sa, na ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba.

Sai ga dumso na 2015, wato yawan ɗauke wutar nan da aka sha a Ghana. Kai lokacin kana makarantar allo. Wuta ta zo ƙarfe ɗayan dare, mu tashi mu hau keken surfani har kiran asalatu, gari na wayewa kuma mu kama yanka. Duk wanda ya kawo yadi in karɓa, in ce masa jibi. A wannan azumin na yanka shaddar wani ango da awon ƙanensa. Yadi goma. Da kuɗin aljihuna na shiga kasuwar Kejetia na nemo irinta, ban ma sami launin daidai ba. Mutumin bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Bai dai sake dawowa ba.

Bayan Sallar nan wani maƙwabci da zai tashi ya bar mini tantabaru biyu, mace da namiji. Na karɓa don kunya. Na buga musu ɗaki da guntayen katako a bayan gida, na kwantar da tsofaffin tukwane a ciki. Ban san za su kama ni haka ba.

Ka taɓa zama ka kalli tantabara tana shan ruwa? Kaza sai ta ɗiba ta ɗaga kai. Ita kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa, ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi. Ƙwai biyu take yi, kwancin kwana 17 zuwa 18 ne, kuma raba shi suke: namiji ya kwanta da rana, mace ta karɓe shi da yamma ta kwana a kai. In 'yan shila suka fito, jajaye, munana, ido a rufe, uwa da uba duka suna ɗura musu wani abu kamar kindirmo daga maƙoshinsu. Cikin wata guda sun yi gashi. Ban taɓa ganin namijin ya ce wa macen jibi ba. Ba banza ake mata kirari da uwar alƙawari ba, mu teloli kuwa ka san sunan da muka yi a gari.

In na watsa musu dawa na buɗe ƙofa suka tashi, sai in ɗaga kai in bi su da kallo suna zagaya saman unguwa. Wuni guda idona na kan abin da bai wuce taƙi biyu daga hancina ba, wuyana a sunkuye. A nan kaɗai nake duban nesa. Ina ƙirga su, ina lura da shaho, in manta da waya, in manta da wanda nake bi bashi. Sai dai in ji kiran Magariba.

To ga lissafin aikin, tunda shi ka tambaya. Na san kaftani nawa hannuwanmu ke gamawa a rana ba tare da an farke ba. In ninka da kwanakin da suka rage, in cire Juma'a, in cire kwana uku saboda wuta ko rashin lafiya. Littafi na cika in rufe, ko ɗan limami ne ya zo. Yanka kuma da safe nake yi, ido na da ƙarfi, don ɗinki in ya karkace ana farkewa, yanka kuwa in ya tafi ya tafi. Abin da ya rage bayan La'asar, kalmasa, maɓalli da guga, aikinku ne, a nan hannunku zai faɗa.

Gobe ka zo da wuri, kai za ka yanka wandon nan mai ruwan toka ina tsaye. In mun tashi ka raka ni gida, farar nan ta ƙyanƙyashe shekaranjiya. Ka biya ka auno mini dawa a hanya.