Me ya sa tiramisu ɗina ya zama ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ci tiramisu a walimar wata ƙawata, ya yi mini daɗi sosai, sai na gwada yi a gida. Na jiƙa biskit a kofi, na jera, na zuba kirim, na sa a firij. Da safe ina sa cokali sai ya zube kamar fate, ruwan kofi ya kwanta a ƙasan kwano. Ina kuskuren yake? Kuma na ji an ce sai da giya ake yin sa, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari mu fara da batun giya, tunda shi ya fi tayar miki da hankali. Tiramisu kayan zaƙi ne na biskit da kofi da kirim, ɗan arewa maso gabashin Italiya. Mutanen Treviso da ke yankin Veneto suna cewa nasu ne, kuma gidan abinci na Le Beccherie ya sa shi cikin jerin abincinsa a 1972. Maƙwabtansu na yankin Friuli ma suna iƙirarin su suka fara. Haɗin Treviso kaya shida ne kacal: biskit ɗin savoiardi, cukun mascarpone, ƙwaiduwa, sukari, kofi da hodar koko irin ta cakulan. Babu giya a ciki. Wasu ne ke ƙara giyar Marsala ta Sisili ko makamanciyarta don ƙamshi. Idan kin bar ta, ba ki rage komai daga na asali ba. Sai dai in a gidan abinci za ki saya, musamman a ƙasashen waje, ki tambaya kafin ki ci, domin da yawa suna sawa.

Zubewar kuwa, kusan kullum daga wajen jiƙa biskit take farawa. Savoiardi busasshen biskit ne mai tsawon yatsa, cikinsa duk ramukan iska, yana zuƙe ruwa nan take. Ba jiƙa shi ake yi ba, tsomawa ake yi: daƙiƙa ɗaya wannan gefe, daƙiƙa ɗaya wancan, a cire. Ki karya na farko ki duba. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa amma tsakiyar tana nan fara, da ɗan tauri, kin yi daidai. Wannan tsakiyar ce za ta sha laimar kirim cikin dare har ta yi laushi. Wanda ya riga ya ƙoshi da kofi ba shi da wurin ƙari, sai ya saki ruwan zuwa ƙasan kwano. Kofin kuma ya zama mai ƙarfi, ya huce sarai, domin mai ɗumi yana narkar da biskit da kirim baki ɗaya. In kofin gwangwani ne gare ki, babban cokali biyu zuwa uku a ruwa mililita 300 ya isa.

Idan ba ki samu savoiardi ba, ki gasa kek marar mai, ki yanka shi dogo-dogo, ki mayar a murhun gashi da ƙaramar wuta har ya bushe. Biskit ɗin shayi na kanti ba ya jure tsomawa, in shi kaɗai ke akwai, ki jera shi a bushe ki shafa masa kofi da cokali.

Sai kirim ɗin. Mascarpone cuku ne mai laushi da yawan maiƙo, ɗan asalin yankin Lombardi, kuma maiƙon nan shi ke sa tiramisu ya tsaya in an yanka. Madarar ruwa ta gwangwani ko ta gari ba za ta maye gurbinsa ba. Yana da tsada, ba kuma ko'ina ake samu ba, amma ana yin sa a gida. Ki ɗora kirim na bugawa mililita 500, na madarar shanu mai maiƙo kashi 35 cikin ɗari, a ƙaramar wuta har ya kai digiri 85, wato yana tururi amma bai tafasa ba. Ki zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami, ki yi ta juyawa na minti biyar. Ya huce, ki juye a ƙyalle mai tsabta da kika shimfiɗa kan rariya, ya kwana a firij yana tsiyaya. Kar ki yi gaggawar cire shi, ruwan da bai tsiyaye ba a cikin tiramisu zai fito.

A Italiya da ɗanyen ƙwai aka saba yi. Ni ba na ba da wannan shawarar a zafinmu, ballantana in yara ko masu juna biyu ko tsofaffi za su ci, saboda ƙwayar cutar salmonela. Ki haɗa ƙwaiduwa huɗu da sukari giram 100 a kwano, ki ɗora kan tukunyar ruwan zafi ba tare da gindin kwanon ya taɓa ruwan ba. Ki yi ta bugawa har ya kai digiri 71, ya yi fari-fari, ya yi kauri, in kin ɗaga maburgi yana zuba a hankali yana barin zane a sama. Ki bari ya huce gaba ɗaya kafin ya haɗu da mascarpone giram 500. A nan mutane da yawa ke ɓata aiki da na'urar bugawa: mascarpone ba ya son dogon bugu, yana tsinkewa ya yi gudaji ya saki ruwa. Da ya haɗe sumul, ki tsaya. In kina son ya yi sauƙi a baki, ki buga kirim mai sanyi mililita 200 daban har ya tsaya, ki haɗa da cokali a hankali, daga ƙasa zuwa sama.

Wannan awon zai ɗauki biskit giram 300. Jeri ɗaya na biskit, rabin kirim, wani jerin, sauran kirim. Ki rufe, ya yi aƙalla awa shida a firij, kwana ya fi. Hodar koko marar sukari kuma sai za a kai gaban mutane ake barbaɗa ta da ƙaramar rariya. In an sa tun dare tana jan laima ta yi baƙi-baƙi.

Ki kuma lura da wutar lantarki. In an ɗauke ta da tsakar dare firij ya huce, kirim ba zai kama ba komai kyan haɗinki, kuma abin da ke da ƙwai da madara bai kamata ya wuce awa biyu a waje da sanyi ba, a lokacin bazara ma awa ɗaya. Ki zaɓi ranar da kike da tabbacin wuta ko janareta, ki ajiye kwanon can ciki inda ya fi sanyi, ba a jikin ƙofa ba, a kuma cinye shi cikin kwana biyu.