Kafin ka sayar da gonar Baba don karatun hotunan sama

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana son zuwa Birtaniya ka karanci yadda ake gano kufai da tsofaffin hotunan jirgi da na tauraron ɗan'adam, har kana shawarar a sayar da gonar fadama a biya kuɗin makaranta. Dakata tukuna, gaggawa aikin Shaiɗan.

Hotunan da kake kwaɗayi ba a kulle suke a nan Birtaniya ba. Amurka ta ɗauke su da taurarin leƙen asiri na CORONA daga 1960 zuwa 1972, sama da 860,000, ta kuma sake su a 1995. Suna shafin intanet na EarthExplorer, kana zaune a Mabera cikin Sakkwato za ka iya sauke waɗanda aka riga aka kwafa, kyauta. Da irinsu ne masanin kufai Jesse Casana da abokan aikinsa suka gano sansanonin Rumawa 396 a Siriya da Iraƙi, suka buga a 2023. Na jirgi da Turawan safiyo suka ɗauka, su ne ke ajiye a Edinbara, nan Birtaniya.

Amfaninsu shi ne sun riga buldoza. Sun ga kwarin gulbin Sakkwato kafin madatsar Bakolori ta 1978, sun ga kwarin Rima kafin ta Goronyo. Sun kuma ga bakin garin Sakkwato lokacin da gine-gine ba su haɗiye ragowar ganuwa ba. Yau Ƙofar Marke da Ƙofar Rini suna nan, amma ina bangon da ya haɗa ƙofofin?

Aikin kam da cin rai. Hoton baƙi da fari ne, a karkace yake zuwa, sai ka zauna da manhajar taswira ta QGIS kana daidaita shi da taswirar yau, gada da gada, mararraba da mararraba. Ganuwar da ta rushe takan fito kamar zare mai haske a zagaye, gwalalonta kuma duhu. Na taɓa kwana uku kan wata da'ira, ina murna na tsinci gari. Na roƙi ɗan kawu ya hau babur ya duba min. Ya bugo yana dariya: tsohon mashekarin Fulani ne, taki ne ya baƙanta ƙasar.

Abin da mu na nan muka rasa ke nan, kai kuwa kana da shi. Kana iya taka wurin, ka tsinci katangar fasasshiyar tukunya, ka durƙusa gaban dattijo ya faɗa maka sunan kufan da wanda ya tashe shi.

Fara da Surame, birnin Kanta sarkin Kabi, tunda bangonsa na dutse ne kuma an san shi, idonka zai koyi abin da yake nema. Leƙa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Alkalawa, tsohon birnin Gobir, kuwa, da yadda hanyar Sabon Birni take yanzu, bar ta a kwamfuta, kada in ji ka tafi. In ka haɗa taswirar wuri guda da hannunka, turo min, da ita za mu nemi malamin da zai ɗauke ka da tallafin karatu.

Ka gaida Inna, ka ce mata kilishin ya iso.