Yaya Zan Nuna wa Ɗana Abin da Yake Tabbas?

Tambaya: Malama, ɗana shekararsa 5. Duk abin da ya gani a waya ko ya ji a bakin abokansa, sai ya rantse gaskiya ne. Yaya zan fahimtar da shi? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki tsaya dogon bayani, ba zai riƙe ba. Ki saba masa da tambaya ɗaya: "Yaya za mu duba?"

Ki ajiye lemo uku ki ce huɗu ne, ki bar shi ya ƙirga ya kama ki. Zai sha dariya, amma ya gane cewa magana ko ta uwa ce ana iya gwada ta. Masu nazarin tunanin yara sun nuna cewa a wajen shekara 4 zuwa 5 yaro ke fara fahimtar mutum zai iya yarda da abin da ba haka yake ba, don haka kin zo a kan gaɓa.

Daga nan ki ce shinkafa da wake sun fi tuwo daɗi. Babansa zai musa, kuma babu maƙaryaci a cikinku, tunda babu abin ƙirgawa. Wannan ra'ayi ne. Ƙwallo ma haka: Kotoko ƙungiyar Kumasi ce, a filin Baba Yara take wasan gida, wannan tabbas ne. Amma cewa ta fi Hearts of Oak, ƙungiyar Accra, je ki faɗa a unguwar Nima da ke Accra ki ji amsa.

Mai wuyar shi ne abin da bai gani ba. Ghana ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. Ba zai iya taɓa wannan ba. A nan tambayar takan koma: wa ya faɗa, a ina shi ya samo? Ba baƙon abu ba ne a gare mu, malaman hadisi da haka suke bin isnadi.

Tatsuniya kuwa kada ki hana shi. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" ya san Gizo ne zai fito, ba labarin duniya ba. Bidiyon waya ne ba ya zuwa da wannan sanarwa. Ki riƙa kallo tare da shi, ki tsayar a tsakiya, ki ce shi ya fara yi miki tambayar.