Shin Ɗan Kasuwa Na Da Ikon Ƙin Karɓar Tsabar Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kwanakin baya na shiga wani kanti na zaɓi kayan da nake buƙata, amma da na miƙa kuɗi sai aka ce mini ba sa karɓar tsaba, sai dai kati ko turawa ta waya. Na ajiye musu kayansu na fita rai a ɓace. Shin doka ta ba ɗan kasuwa damar ƙin kuɗin da gwamnati da kanta ta buga? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Amsar ta danganta da ƙasar da abin ya faru, domin dokokin ƙasashe sun sha bamban a kan wannan batu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda hukuma ta ayyana takardar kuɗi a matsayin halattaccen abin biya, wajibi ne kowa ya karɓe ta, amma a Ingila babban bankin ƙasar ya bayyana cewa wannan matsayi ya shafi biyan bashi ne, kuma mai kanti yana da damar zaɓar hanyar da za a biya shi. A Amurka ma babu dokar tarayya da ta tilasta wa ɗan kasuwa karɓar tsaba, shi ya sa da koke-koken masu saye suka yi yawa birane suka kafa nasu dokokin, Filadelfiya a 2019, New York kuma a 2020. A Faransa ƙin karɓar kuɗin Yuro laifi ne da ke jawo tarar Yuro 150, a ƙasar Sin kuwa, inda biya ta waya ya zama ruwan dare, babban banki yana cin tarar masu ƙin tsaba.

Ba zan ce 'yan kasuwan ba su da hujja ba. Tsabar kuɗi tana jawo ɓarayi, ana shigo da jabu a cikinta, ga wahalar neman canji da ƙirga ciniki kowane dare da kai shi banki.

Sai dai a ganina hujjar masu saye ta fi nauyi, domin wanda aka kora da wannan tsari yawanci shi ne mai rauni: tsohon da bai saba da wayar zamani ba, da talakan da ba shi da asusun banki, da yaron da aka aika da kuɗi a hannu. Akwai kuma wanda ba ya son a riƙa ajiye bayanin duk abin da ya saya, da wanda ba ya iya tsimi sai yana ganin kuɗinsa suna raguwa a aljihu. Ga kuma ranar da na'ura za ta ƙi aiki. Lokacin da wutar lantarki ta ɗauke a Sifen da Fotugal ranar 28 ga Afrilun 2025, na'urorin karɓar kati da dama sun tsaya, sai mai tsaba a hannu ya iya sayayya a wurare da yawa. Ita kanta Suwidin, wadda ta yi nisa wajen barin tsaba, hukumominta suna shawartar jama'a su ajiye kuɗi a gida saboda irin wannan rana.

Game da abin da ya same ka, bambancin yana ga lokacin da aka sanar da kai. Idan an manna sanarwa a ƙofa tun kafin ka shiga, kuma dokar ƙasarka ba ta hana ba, abin da ya rage maka shi ne ka kai cinikinka wani wuri, ka kuma gaya wa mai kantin dalilin tafiyarka. Idan kuwa sai da aka gama yi maka aiki sannan aka ce ba a karɓar tsaba, to kuɗin sun zama bashi a kanka, kuma hujjarka ta fi ƙarfi idan ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye.